Biyar Bisa Goma

Babu ciwon da ya fi ƙarfin mutumin da ya samu tarbiyya. Jiki ɗalibi ne, kuma ba haziƙi ba: in ka sakar masa fuska ya hau kanka, in ka tsare gida ya koma kujerarsa ya nutsu. Wannan ita ce aƙidar Shugaba, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Ya faɗe ta a taron safe na makarantar da ya riƙe har ya yi ritaya. Ya faɗa wa yara masu zazzaɓi a ƙofar ɗakin shan magani, ya faɗa wa malamai masu neman hutun jinya, ya kuma faɗa wa marigayiya matarsa a lokacin da bai kamata ba. Ya daɗe da barin makarantar, amma sunan bai bar shi ba. Har mai kawo masa jarida Shugaba yake ce masa.

Cutar ta zo ba sallama. Ya yi 'yar mura, ya kore ta da ruwan zafi da raini, sai bayan 'yan kwanaki ya lura takalminsa na zamewa daga ƙafa bai sani ba. Washegari matakalar bene ta gagare shi. Kafin a gama gardamar ko za shi asibiti, raunin ya haura gwiwa, ya wuce ƙugu, ya doshi ƙirji. Likitoci suka ce garkuwar jikinsa ce ta rikice ta auka wa jijiyoyinsa, tana ɓare musu riga kamar ɓera ya samu wayar lantarki. Shugaba ya saurari bayanin a kwance, inji na taya shi numfashi, bai samu damar gyara wa kowa nahawu ba.

Ya tsira. Raunin ya sauka ta hanyar da ya hau, sai dai a hawa gudu ya yi, a sauka kuwa tafiyar tsohuwa. Aka sallame shi da keken marasa lafiya da wata sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. 'Yan barka suka cika falo, suka sha lemo, suka ce ai mai wuyar ta wuce, suka watse. Sai da gidan ya yi tsit sannan ciwon ya iso, kamar baƙon da ya jira a tashi daga taro don ya samu mai gida shi kaɗai.

Jijiyar da ke farfaɗowa ba ta farkawa cikin ladabi. Tafin ƙafarsa ya zama kamar ya taka garwashi ya manta bai ɗaga ba. Wani lokaci tururuwa ce ke jerin gwano a ƙarƙashin fatar ƙwaurinsa. Wani lokaci kuma wani abu kamar wutar lantarki ya fizgo daga babban yatsa ya tsaya a ƙugu, ba dalili, yana tsakiyar kurɓar shayi. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ba manyan abubuwa ke tayar da ciwon ba. Zanin gado ne. Iskar fanka ce. Ɗinkin bakin safa ne. Mutumin da ke sa yara dubu su yi tsit da ɗaga gira ɗaya, yanzu shi ne ke kallon mayafi kamar yadda ake kallon kare marar igiya.

Auta ce ke jinyarsa. 'Ya'yansa biyu ne. Babban yana wata ƙasa, yana aiko da addu'a da shawara ta waya. Ƙaramar, wadda ta doshi arba'in amma har yanzu Auta ce, ta ɗauki hutu daga aikinta a wani gari mai nisa. A ɗakin gwaji na wani kamfanin ruwan famfo take, tana auna abubuwan da mutane ke sha ba su sani ba. Ta yi shekara da shekaru tana jiran kujerar shugabancin ɗakin, kuma an ba ta ita dab da kwanciyar mahaifinta. Manajanta mutumin kirki ne, iyakar kirkin da manaja ke iya yi, ya riƙe mata kujerar wata da watanni. A kiransa na ƙarshe ya ce mata ranar farko ta watan gobe, ko dai ta zauna a kanta, ko wani ya zauna.

An shirya komai. Wani tsohon ma'aikacin jinya da ke bayan layinsu zai riƙa zuwa da safe ya taimaka wa Shugaba ya yi wanka ya sha magani, ya tafi da azahar. Likita ta ce hakan zai wadatar, muddin ciwon bai tsananta har a ƙara ƙarfin magani ba. Don haka tafiyar Auta ta rataya a kan tambaya guda da ake yi masa duk zuwan asibiti.

Likitar da ke duba jijiyoyinsa yarinya ce a idon Shugaba, wato ba ta kai hamsin ba.

"Baba," ta ce, "in sifili na nufin babu ciwo ko kaɗan, goma kuma ciwon da ya fi duk wanda za ka iya tunani, nawa za ka ba naka?"

"Wato maki kike so in ba shi."

"Kusan haka ne."

Ya gyara zama a cikin keken. Tun da ya kwanta ba wanda ya tambaye shi abin da ya shafi sana'arsa. Ya lumshe ido ya duba ciwon kamar takardar jarrabawa. Akwai ƙoƙari, akwai naci, amma babu tsari, kuma yana yawan maimaita kansa.

"Uku."

"Madalla. Uku ai da sauƙi. Mu ci gaba da maganin yadda yake."

Abin da likitar ba ta sani ba, domin ba a makarantarsa ta yi karatu ba, shi ne Shugaba bai taɓa ba wani mahaluki fiye da biyar bisa goma ba. Yana da dalilinsa, kuma duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace shi. Goma ta Mahalicci ce. Tara ta wanda ya rubuta littafin. Takwas ta malamin malaminka, bakwai ta malaminka, shida kuma an ajiye ta ko da wani zai zo wanda ba a haifa ba tukuna. Ɗalibi ya nemi rabonsa daga biyar zuwa ƙasa. Mai biyu ya ci jarrabawa. Mai uku, iyayensa kan kira maƙwabta su zo su gani. Biyar kuwa sau ɗaya aka taɓa ganin ta, a takardar wani yaro mai yawan majina wanda daga baya ya zo na ɗaya a ƙasar baki ɗaya, kuma ko shi an rubuta masa a gefe da jan biro cewa ya kula da waƙafi.

Auta ta san duk wannan. Ta zauna ajinsa, uku ce mafi girman abin da ta taɓa samu, kuma ranar da ta same ta sai da ta shiga banɗaki ta yi kukan murna. Amma da ta ji ya ce uku a gaban likita, sai ta mai da ido kan hoton jijiyoyin da ke bango, ta ce wa kanta ai ciwo ba insha'i ba ne, ba yadda za a yi mutum ya yi wa ƙafarsa rowar maki. A wurin aikinta ba ta yarda da abin da na'ura ta nuna sai ta fara gwada na'urar kanta, ta san ko mai ragi ce ko mai ƙari. Wannan karon ta karɓi sakamakon yadda ya fito. Akwatinta na kan kabad, kuma tana yawan kallonsa.

An sauko da gadon Shugaba ɗakin karatunsa na ƙasa, tsakanin kantar littattafai da taga. Daga nan yake kallon titi. Da safe 'yan makaranta su wuce, riga a waje, igiyar takalmi na jan ƙasa, ba wanda ya san akwai ido a bayan labule da ya taɓa sallamar yaro gida saboda maɓalli ɗaya. Da hantsi mai gyaran takalma ya wuce yana buga akwatinsa. Daga nan sai rana ta tsaya cak a kan bangon gidan da ke kallonsu, ta ƙi motsi.

Auta ta yanke kwalin da aka sayo fanka a ciki, ta kifa shi a ƙarshen gado yadda mayafi zai rufe ƙafafun ba tare da ya taɓa su ba. Shugaba ya ce abin ya yi kama da akurki, amma bai ce a cire ba. Ta riƙa juya masa safa ciki ya koma waje don ɗinkin kada ya taɓa fata. Ta ajiye roba da ruwa mai ɗan sanyi a ƙarƙashin tebur. Ta juyar da fanka ta kalli bango. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ita ta gano shi da kanta, daga yadda yake ɗauke numfashi, domin shi bai taɓa cewa ga abin da ke damunsa ba. Maganin ciwon kai da na ciwon jiki da aka saba ba sa yi wa irin wannan ciwon komai. Wanda aka ba shi, da ya karanta takardar cikin kwalin da gilashinsa, ya tarar asalinsa maganin farfaɗiya ne, ya yi kwana biyu yana jin an ci mutuncinsa.

Wata Asabar tsofaffin ɗalibansa biyu suka zo, ɗaya lauya, ɗaya mai sayar da kayan gini, duk da tumbi da furfura. Suka durƙusa a bakin gado kamar an kawo su ofis da laifi.

"Ranka ya daɗe, yaya jikin?"

"Jiki ya san matsayinsa."

Suka ƙyalƙyale da dariya, lauyan har da dukan cinya. "Wallahi Shugaba yana nan yadda yake! Ka tuna ranar da na zo ina rawar ɗari, ka ce in koma aji, zazzaɓin ya jira ni a tashi?"

"Ya jira ka?"

"Ya jira, ranka ya daɗe. Har gida ya raka ni."

Mai kayan gini ya ce shi har yau in matarsa ta ce kanta na ciwo, jawabin Shugaba yake maimaita mata. Auta, da ke zuba musu shayi, ta ce Allah ya ba matar haƙuri. Suka ɗauka wasa ne.

Da za su tafi, kowannensu ya kama hannun Shugaba da hannu biyu ya matse ya girgiza, domin shi ya koya musu cewa ba a miƙa wa mutum hannu kamar mataccen kifi. Ya jure. Ya ma yaba wa lauyan da cewa riƙonsa ya inganta. Bayan an rufe ƙofa ya daɗe da hannun a sama, yatsu a ware, kamar abin aro da yake tsoron ajiyewa.

Su kuwa suka tafi suka baza labari cewa Shugaba ya warke sarai, har yana barkwanci. Labarin ya yi daɗi ƙwarai, don haka ba wanda ya sake zuwa.

Da yamma yayanta ya kira. Auta ta fita tsakar gida, wajen igiyar shanya, ta gaya masa abin da ke ranta.

"Uku?" ya ce. "Ni kaina ciwon bayana ya fi uku, kuma ga ni a ofis. Ki tattara ki koma aikinki, Auta."

"Yaya, ka manta ukun Baba?"

"Ke dai kin cika neman magana. Ni ɗaya da rabi na saba samu, ga shi ban mutu ba. Likita ta ce da sauƙi, shi ya ce da sauƙi, ke kuma kin fi su sani? Ko so kike ki tsufa a gidan nan kina juya safa?"

Ba ta so. Ta yi masa sallama ta kashe wayar. A garin da take aiki tana da ɗaki da falo a hawa na uku, da tukwanen furanni a baranda da maƙwabciya ke ba su ruwa in ta tuna. A farkon zuwanta abokan aiki kan kira kullum. Yanzu sai dai ta ga hotunansu a waya, suna yanka kek a ɗakin gwajin, wani da ita ta koya masa riƙe kwalbar awo yana tsaye a inda ta saba tsayawa.

Mai gashin ƙashi na asibiti ya koya mata wani aiki da za ta riƙa yi masa kullum bayan la'asar. A shafi ƙafar da abu mafi laushi, in fata ta saba a koma auduga, daga nan tawul, har jijiyar ta tuna cewa taɓawa ba duka ba ce. Abu mafi laushi a gidan wani gyalen siliki ne na mahaifiyarta. Watanni suna kan gyalen, ba su kai auduga ba.

Ta ɗora ƙafarsa a kan matashi ta fara daga idon sawu. Shi kuma ya kafa wa silin ido ya soma karanto dokokin makaranta a hankali, daga ta ɗaya, kamar mai lazimi.

"Kin shirya kayanki?" ya tambaya a tsakanin doka ta shida da ta bakwai.

"Da saura, Baba."

"Kujera ba ta jiran mutum. Na sha gaya wa malamai."

Ta ja gyalen ta bisa yatsun. Ta ga hannunsa ya damƙe bakin katifa har jijiyoyin sun fito, ta ga gumi a gefen wuyansa alhali ɗakin ba zafi.

"Da zafi ne?"

"An tambaye ni a asibiti, na ba da amsa. Ba a sake duba takardar da aka riga aka yi wa maki."

A gidan ba a tambaya sau biyu. Shi ya kafa dokar, kuma ya kafa ta da kyau, har ba wanda ya rage da zai karya masa ita.

Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, ta fita kantin magani da hantsi, ta tarar ba layi, ta dawo da wuri. Da ta zo daidai tagar ɗakin karatu sai ta ji magana, ta ɗauka baƙo aka yi. Ta leƙa ta gefen labule. Shi kaɗai ne. Ya ture kwalin, ya ɗaga ƙafafun sama da hannuwansa don kada su taɓa komai, yana musu magana. Da farko muryar ofis ce, yana ce musu wannan rashin kunya ce kuma ba zai lamunta ba. Sai muryar ta sauka.

"Don Allah," ya ce. "Don Allah, ko na ɗan lokaci."

Tunda take ba ta taɓa jin ya haɗa wani da Allah a kan buƙatarsa ba. Ko gishiri yake so a tebur, sanarwa yake yi. Ta koma bakin ƙofar gida ta tsaya, ta yi ta kaɗa makullai kamar mai neman wanda ya dace, har sai da ta tabbata ya isa ya mai da kwalin. Da ta shiga ta tarar da shi da jarida da jan biro a dunƙule cikin hannu, yana zagaye kuskure a kanun labari.

"Sun rubuta wannan kalmar ba daidai ba," ya ce. "A shafin farko."

Ta ajiye maganin. Ranar ta sauko da akwatin, ta ninke kaya ta zuba, ta ce wa kanta kowa ma yana da mummunar rana. Ta rufe shi, ta tsayar da shi a bayan ƙofa.

Zuwan asibiti na ƙarshe kafin tafiyarta, likita ta buga masa gwiwa da 'yar gudumarta, ta sa ya tura hannunta da ƙafa, ta ce ƙarfi na dawowa yadda ake so. Sannan ta yi tambayar.

Shugaba ya lumshe ido ya sake duba ciwon. Mutum ne mai adalci a aikinsa, ba ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa ko da ba ya ƙaunarsa.

"A gaskiya ya yi ƙoƙari a 'yan kwanakin nan," ya ce. "Biyar."

"Biyar matsakaici ne," likita ta ce tana rubutu. "Yakan hau ya sauka. Ba sai mun taɓa magani ba. Ku dawo bayan wata biyu."

Auta ta tura keken zuwa baranda, ta tsayar da shi kusa da taga, nesa da iskar fanka, ta taka birki. Motar da za ta hau jibi da safe take tashi. Abin da kawai ake buƙata daga gare ta shi ne ta ci gaba da turawa har bakin ƙofa. Likita ta faɗa, shi ya faɗa, yayanta ya faɗa, ba wanda zai taɓa cewa ta yi laifi. Ta tsaya tana kallon ƙeyar mahaifinta, inda furfurar ta kwanta saboda yawan jingina da matashi.

"Baba, na manta jakata a ciki."

"Sakaci," ya ce, bai waiwayo ba. Jakar na rataye a kafaɗarta.

Likita ta ɗago kai da ta ga ta dawo. Auta ta rufe ƙofa ta yi mata bayanin rabon makin, daga Mahalicci har zuwa yaro mai majina. Likita ta fara dariya, sai ta ga fuskar Auta, ta daina.

"Kina nufin biyar ɗinsa tara ce?"

"Ina nufin sau ɗaya ya taɓa bayar da ita. Yau ne na biyu."

Likita ta ajiye biro. "To, in haka ne mun daɗe muna cutar bawan Allah. Sai an ƙara ƙarfin maganin nan, a haɗa masa da wani. Amma ki sani, haɗin na kawo jiri da barci, wani lokaci da ɗan ruɗewa, har jiki ya saba. Ga ƙafa ba ta gama ƙwari ba. In ya faɗi ya karye, mun koma farko. Ba zai zauna shi kaɗai ba, ko na wuni ɗaya. Wata biyu, ƙila uku, muna ƙarawa a hankali. Mai zuwa da safe ya tafi da azahar ba zai isa ba." Ta dubi takardar. "Ba ke ce za ki koma aiki ba?"

"Ni ce."

"Akwai wani da zai zauna da shi?"

"Akwai."

Likita ta jira ta ji ko waye. Da ba ta ji ba, sai ta ɗauki biron.

Da kanta ta fito baranda ta durƙusa a gaban keken.

"Baba, rabonka da barcin kirki tun yaushe?"

"Tun kafin a sallame ni. Ba na buƙatarsa da yawa."

"Takalmi fa, kana iya sawa?"

"Ina za ni da zan sa takalmi?"

"To, zan canza maka magani."

"Ni ban nema ba."

"Na sani. Ni na ga dama."

Ya dube ta daga sama zuwa ƙasa, kamar malamar da ta canza jadawali ba izini. "A rubuta cewa ban nema ba."

"Za a rubuta, Baba."

Auta ta kira manajanta ne a layin karɓar magani, tsakanin wata mata mai goyo da wani dattijo mai tari. Manaja ya saurara har ta gama.

"Kin san ba zan iya sake ɗagawa ba," ya ce. "Na yi iya yina."

"Na sani. Na gode ƙwarai. A ba wanda na koya wa aikin, zai iya. Sai dai a tuna masa ya riƙa gwada na'urar kafin ya yarda da ita."

"Hutun naki ma gaba ɗaya fa, ban san me za su ce a sama ba."

"Duk abin da suka ce."

Aka kira lambarta, ta kashe wayar. A mota ta aika wa maƙwabciyarta saƙo cewa ta kwashe furannin ta mai da su barandarta in tana so. Maƙwabciyar ta amsa da cewa biyu ne suka rage.

Sabon maganin bai yi aiki nan take ba. Kwanakin farko jiri kawai ya kawo, har Shugaba ya kira Auta da sunan mahaifiyarta, sannan ya musanta. Ranar farko ta wata ta zo ta wuce. Da ya tambaya, ta ce an ƙara mata hutu. Ya gyaɗa kai ya ce ai haka ne, wanda ya san aikinsa shi ake jira, ya sha gaya wa malamai.

Wata rana bayan azahar ta shigo da robar ruwa ta tarar da shi yana barci, baki a buɗe, gilashi a karkace, jan biro a ƙasa. Kwalin ya zame gefe. Mayafin na kwance a kan ƙafarsa ta dama, kai tsaye, kuma ƙafar ba ta ce komai ba. Ta ajiye robar a hankali ta zauna a kujerar tebur. Ba wanda za ta nuna wa. Ta ɗauki waya, ta duba sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa, ta mayar da ita aljihu. Ta zauna tana kallon ƙafar har rana ta bar bangon gidan da ke kallonsu.

Ya farka da la'asar yana lasar baki, ya dubi mayafin, ya motsa yatsu a ƙarƙashinsa.

"Kin gani?" ya ce. "Na gaya muku tun tuni. Jiki horo yake so. In ya ga ba za ka biye masa ba, da kansa zai gaji. In yaran nan sun sake zuwa ki tuna mini in gaya musu."

"To, Baba."

"Kawo sandar nan. Zan je falo."

Ta kawo. Ya dafa ƙarfen da hannu biyu ya miƙe, ɗakin ya ɗan juya da shi, ya tsaya har ya daidaita. Ta ce bari ta riƙe shi, ya ce ba a riƙe shi ba a gaban yara dubu, ba za a fara a gaban kabad ba. Ya tura sandar ya ja ƙafa, ya sake turawa. Suka wuce kantar littattafai, suka wuce akwatin da ke bayan ƙofa, wanda ta riga ta zazzage ta bar shi a tsaye don kada ya tambaya. A bakin falo ya yi tangaɗi zuwa hagu, sai kuma ya dawo daidai.

"Kin gani?" ya ce, yana haki. "Ba wanda ya riƙe ni."

"Na gani, Baba."

Tana bayansa, ta naɗe bayan rigarsa a hannu, ta riƙe daidai yadda ba zai ji ba.